Hawa na Shida, Titin Pierrepont

Ƙarfe biyar na asuba bututun ɗumi ke fara tari,
ƙwas, ƙwas, kamar tsohon da ke so a lura da shi.
Shekara arba'in da tara yana tashina,
ban taɓa sayen agogo mai ƙararrawa ba.

An gina gidan nan kafin yaƙin duniya na biyu,
zamanin da ake yi wa rufi ado da furen siminti,
a ware wa 'yar aiki ɗaki a bayan kicin,
ɗakin da in ka miƙa hannuwa
ka taɓa gabas da yamma.

Baƙi kan ce, Rosalind, kin mallaki gida a Brooklyn Heights!
Ko bulo ɗaya ba nawa ba ne.
Hannun jari ɗari uku da goma gare ni,
takarda ce a durowa, ƙarƙashin safar Leopold
da har yau na kasa bayarwa.
Ko ƙusa zan buga sai kwamiti ya zauna.

Wilfredo mai tsaron ƙofa ya san ciwon gwiwata,
ya san watan da ɗana ya daina kira.
Jirgin ƙasa biyu yake hawa kafin ya iso nan,
ni ko launin ƙofar gidansa ban sani ba.

Daren Talata muka zauna a falon Mista Van Alstyne,
mu biyar, da shayi, da biskit da ya sha iska.
Gabanmu yara biyu, Desmond da Anjali,
riƙe da fayil mai kaurin matashin kai:
harajinsu, bashinsu, wasiƙar maigidansu a wurin aiki,
har da hoton karensu, ya zauna kamar mai neman aiki.
Yarinyar tana ta murza zobenta.
A kujerar nan na zauna a saba'in da biyar,
Leopold yana rantsuwa ba zai busa sarewa bayan takwas ba.
Ƙarya ya yi. Ya busa har ƙarshen numfashinsa,
Madam Teitelbaum ta sama tana dukan daɓe da sanda.
Ranar jana'izarsa ita ta fi kowa kuka.

Aka ce a ɗaga hannu. Biyu da biyu.
Ajiyarsu a banki ba ta cika ba, in ji Van Alstyne.
Ido takwas suka dawo kaina.
Na ce a ba ni zuwa Juma'a.

Laraba ruwa ya ɓalle a bangon ɗakin bayan kicin.
Mai gyaran famfo ya kankare fenti hawa bakwai,
kore, ruwan ƙwai, ruwan toka,
da wani shuɗi da ban taɓa gani ba,
can ƙarƙashinsu rubutun fensir, ƙanana:
Nuala Keane, 1931.
Sai zane ashirin da uku a jere, irin na mai ƙirgen kwana.
Kwanan me? Na albashi? Na jirgin ruwan komawa gida?
Na duba kundin kwamiti tun daga shafin farko,
babu ita.
Ba wanda ya ɗaga mata hannu.
Ta liftar baya take hawa, tare da gawayi da kayan wanki,
amma ta kwana a nan, ta ji tarin bututun nan.

Na ce wa mai famfo ya bar wurin haka.
Ya ce danshi zai cinye shi. Na ce ya ci.

Juma'a na ɗaga hannu, gwiwar hannuna tana ƙara.
Van Alstyne bai gaishe ni a lifta ba har wata guda.

Yanzu suna hawa na biyar, daidai ƙarƙashina.
Kuɗin gyaran bango ya zo, ya kusa cinye fanshona.
Biyar na asuba bututu ya yi tari,
karen nan mai ladabi ya amsa masa da haushi,
kullum, ba fashi.
Sandata tana jingine a jikin gado.
Na ɗauke ta sau biyu, na mayar.